Bayin Waya, Kowa da Irin Nasa

A shekarar 2001, lokacin da Econet da MTN suka buɗe harkar salula a Najeriya, layi kaɗai sai mutum ya ajiye wajen naira dubu 20 kafin ya mallake shi, ban da kuɗin kan wayar. Wanda Allah ya hore wa, a aljihun gaba yake saka ta, ya bar kanta ya ɗan leƙo don a san gidansu an ci gaba. Kira kuwa da minti ake lissafa shi, ko daƙiƙa biyar ka yi kuɗin minti guda za a cire, har sai da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Shi ya sa mutanen wancan lokaci suka ƙware a taƙaita zance. "Kana ina? To, ga ni nan." Ɗif. A mayar da waya aljihu a ci gaba da hira da mutane.

Yau Tecno da Itel da Infinix sun karya farashi, kasuwar Farm Centre a Kano ba ta rabo da cunkoso, mai garuwa yana da tasa, mai faci yana da tasa, kaka ma an saya mata. Ciwon ya game gari. Sai dai kowa da yadda yake kama shi, kuma wanda ya zauna a majalisa ya zuba ido zai iya rarrabe masu jinyar gida-gida.

Na farko, kuma mafi yawa, shi ne Malam Ina-Jin-Ka. Bahaushe ya gaji gaisuwa mai tsawo: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aiki, ya sanyi, ya aka ji da jama'a. Malam Ina-Jin-Ka bai yar da ko ɗaya ba, duk yana amsawa, amma da ƙeyarsa kake gaisawa. Idan ka miƙa masa hannu sai ya ba ka tsintsiyar hannu, saboda tafin yana bakin aiki. Ka fara ba shi labari, ya ce, "Uhm, ina jin ka." Ka kai tsakiya, ya ce, "Ikon Allah." Idan kana son gwada shi, sai ka sako masa, "Ai yanzu na wuto ta layinku, na ga shagonka yana ci da wuta." Zai ce, "Madalla, haka ake so." Sai bayan ka yi shiru na ɗan lokaci shirun ya farkar da shi, ya ɗago da jajayen idanu ya ce, "Me ka ce game da shago?"

A da, rediyo ɗaya ce a majalisa. Sashen Hausa na BBC yana watsa shirye-shirye tun 1957, kuma tsararraki sun tashi a kan al'adar nan ta a kewaye akwati ɗaya, a ji labaran duniya tare, a kashe, sannan a kaure da gardama har a kira isha'i. Kowa abu ɗaya ya ji, don haka akwai abin yin musu a kai. Yanzu mutum goma ne a benci ɗaya, kowa da duniyarsa. Wannan yana dariya shi kaɗai, wancan yana tsaki shi kaɗai, na ƙarshe yana rubuta wa wani mutumin Maiduguri da bai taɓa gani ba martani mai zafi. Iyakar hirar da ta rage ita ce wani ya cusa maka waya a hanci ya ce, "Kalli wannan, don Allah kalli wannan," ka kalla, ka ce ka riga ka gani tun jiya.

Ɗan'uwan Malam Ina-Jin-Ka na jini shi ne mai farautar soket. Shi wannan sallamarsa ma daban take: "Salamu alaikum, akwai wuta?" Ya shigo gidanka bakinsa yana gaishe ka, idonsa yana bin gindin bango kamar kaza mai neman wurin saka ƙwai. Ba ya zama inda aka shimfiɗa masa tabarma, yana zama inda igiyar caja ta ƙare. Idan soket yana bayan firji, a bayan firji za a kai masa ruwa. Ya san gidan da ke da sola a unguwa, kuma zumuncinsa da mutanen gidan ya ƙarfafa ƙwarai tun ranar da aka kafa ta. A masallaci shi ne mai sammakon zuwa, liman har yana yaba masa, alhali gurbin da ke kusa da na'urar lasifika yake rigen kamawa. Lafiyarsa da ta batirinsa a haɗe suke. Idan caji ya kai kashi 80, mutum ne mai fara'a da kyauta. Idan ya sauko 15, kar ka kawo masa maganar bashi. Idan ya kai 3, ko 'ya'yansa ba ya ganewa.

Babbar jarrabawar wannan bawan Allah ta zo a watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace, yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu. Masu shagon caji suka zama manyan gari. Ka ga magidanci da furfurarsa yana layi a gaban rumfar yaron da bai kai sa'an ɗansa ba, yana cewa, "Yallaɓai, ko rabi ne a sa min." A manna wa wayarsa lamba, a ba shi 'yar takarda, ya koma gefe ya tsaya. Ba ya tafiya. Ina za shi? Ruwan sha ya yi tsada a makon, masu niƙa sun tsaya, ƙanƙara ta ɓace, amma shi abin da zai ba jikokinsa labari shi ne ranar da wayarsa ta mutu tun azahar.

Sai Sarkin Turawa. Galibi kawu ne, ya yi ritaya daga aikin gwamnati, yana da tabarau da lokaci. Tun kafin a sallame sallar asuba ya fara aiki: hoton fure da barka da safiya, sai maganin ciwon suga da ganyen mangwaro, sai sanarwar ɗaukar ma'aikata wadda aka rufe shekara uku da suka wuce, sai gargaɗin cewa akwai wata lamba da idan ta kira ka ka ɗauka, shi ke nan. WhatsApp da kansa yana liƙa wa irin saƙon nan alamar cewa an tura shi sau da yawa. A wajen kawu wannan alama shaida ce ta inganci, tunda ai jama'a da yawa ba za su taru a kan ƙarya ba. Idan ka ce, "Kawu, wannan fa ba gaskiya ba ne," sai ya ce, "Ni ma turo min aka yi." Da wannan jimla ya wanke kansa duniya da lahira.

Abin dariya ne har sai an tuna watan Agustan 2014. Cutar Ebola ta riga ta shigo Legas, sai cikin dare saƙo ya karaɗe ƙasa cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Aka dinga tashin mutane daga barci, uwa tana kiran ɗanta na birni, ɗa yana kiran ƙauye. Kafin gari ya waye an kurɓi gishirin da ya kwantar da wasu a asibiti. Duk wanda ya tura saƙon nan don ƙauna ya tura. Matsalar Sarkin Turawa ke nan: ba mugu ba ne, mai son ka ne, kuma ba a toshe lambar kawu.

Ni dai a cikin jama'ar nan, wadda na fi tausayawa, na kuma fi girmamawa, ita ce Gwaggo mai saƙon murya. Ba ta rubutu, ba ta karatun boko, amma ranar da jikarta ta nuna mata inda ake dannawa a yi magana, ranar aka buɗe mata gidan rediyo nata na kanta. Saƙonta minti tara ne. Minti uku na farko gaisuwa: kai, da maiɗakinka, da yaran ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, da maƙwabcin nan naku mai tari. Sai a ji ta juya tana cewa, "Ke, rufe min ƙofar nan, awaki za su shigo," ba tare da ta saki madannin ba. Sai zakara ya yi cara. Sai ta dawo ta ce, "Ina muka tsaya?" ta sake gaisuwar daga farko. Abin da ya sa ta aiko saƙon, wato an sa ranar auren 'yar Baffa, yana cikin daƙiƙa goman ƙarshe, tsakanin "sai an jima" na biyu da na uku.

A 2021 WhatsApp ya kawo dabarar saurin murya, ana ninka gudun magana. Tun daga nan jikokin Gwaggo da ninki biyu suke sauraronta, muryarta ta koma siririya tana gudu, addu'o'inta suna wucewa fiu. Su kuma amsarsu hoton babban yatsa ne guda ɗaya. Gwaggo ta kai wa jikarta wayar ta ce, "Duba min, me ya ce?" A ce mata, "Cewa ya yi to." Ta yi shiru, ta ce, "To kawai?" Duk cikin gidan ita kaɗai ce ta ɗauki gaisuwar da aka gada ta shigar da ita cikin waya ba tare da ta rage ko kalma ba, ita ce kuma ake yi wa dariya.

Kowace zuri'a yanzu tana da zaure a WhatsApp, kowane zaure kuma yana da admin. Sau da yawa shi ne wanda a taron dangi na zahiri ba a ba shi damar magana, sai dai a aike shi sayo lemo. Amma shi ya buɗe zauren, don haka mulki ya faɗo hannunsa. Ya kafa dokoki goma sha, ta farko ban da siyasa, shi ne kuma yake fara karya ta. Yana da ikon da hakimi ba shi da shi: yana iya korar yayansa daga dangi da yatsa ɗaya. Fita daga zauren kuwa ta fi ƙin zuwa biki laifi. Da admin ya ga an rubuta cewa wance ta fita, sai a tashi manya a tura su bin ba'asi. Zauren ba ya barci. Muhawara kan ko an ga wata tana iya kai saƙo ɗari uku. Lokaci ɗaya ne kawai ake samun natsuwa: ranar da aka sanar cewa an kwantar da Inna a asibiti, ga lambar asusu. Nan take sabis ɗin dangi gaba ɗaya yake ɗaukewa. Washegari a ga mutane suna dawowa ɗaya-ɗaya da "Allah ya ba ta lafiya, sai yanzu na hau."

An ce zumunci a ƙafa yake. Admin ya mayar da shi yatsa, kuma a gaskiya ya rage wa mutane kuɗin mota. Ta'aziyyar da da sai an tashi daga Kano an je Gumel, yanzu hoton hannu biyu a ɗage ya wadatar.

Akwai wanda ba na iya yi wa dariya sosai, shi ne ɗan jaridar da ba wanda ya ɗauka aiki. Mota ta kife a hanyar Zariya, mutane suna neman a ciro su, shi yana neman inda haske ya fi kyau. Ya je dubiya, mara lafiya yana kwance da robar ƙarin ruwa, bai san inda kansa yake ba, sai ya matso da fuskarsa kusa da tasa ya ɗauka, ya rubuta a ƙasa, "Muna barar addu'a." A maƙabarta yana bakin kabari da waya a sama. Burinsa a duniya shi ne ya riga kowa sanar da mutuwa. Akwai matan da a Facebook suka fara ganin rasuwar mazajensu, akwai iyayen da a sitatus ɗin wani suka ga gawar ɗansu. Da can, idan aka yi rashi, dattijo ake zaɓa ya je ya zauna, ya yi gaisuwa, ya kewaya, ya ce jiki ya yi tsanani, kafin ya faɗa. Wannan kewaye-kewayen ba ɓata lokaci ba ne, tausayi ne. Shi kuwa namu ya riga ya saka hoto, yana ƙirga masu cewa Allah ya jiƙansa.

Na masallaci ba sai an daɗe a kansa ba. An rubuta a bango da Hausa da Turanci da ajami cewa a kashe waya. Liman ya ce a daidaita sahu a kashe waya. Ana raka'a ta biyu, cikin sujada, sai kiɗan fim ɗin Indiya ya tashi daga aljihun wani dattijo. Shi kuma ya dake, wai kar a gane tasa ce, alhali duk sahun ana jin inda ƙugin yake fitowa. Mai kiran ma ɗan naci ne, sau uku.

Direban adaidaita sahu kuwa ya gano amfanin hula da masu ɗinka ta ba su sani ba: a soke waya a gefenta ta manne da kunne, hannu biyu su samu sararin tuƙi da nuna wa wanda ake magana da shi, wanda yake Wudil, yadda abin ya faru. Idan fasinja ta ce, "Malam, don Allah ka kalli gabanka," sai ya waiwayo gaba ɗaya ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki."

Sai masoya. Waɗanda suka yi samartaka a shekarun kiran dare kyauta sun san wahala: a yi ta gyangyaɗi ana jiran sha biyu da rabi, a shige bargo ana raɗa har asuba, da safe a je aji ana layi. Bayan su aka yi 'yan 2go. Duk da haka, a wancan zamani idan saurayi ya zo zance, zancen ake yi. Na yanzu yakan yi wanka, ya fesa turare, ya hau babur ya ratsa gari, a shimfiɗa masa darduma a zaure, ta fito ta zauna, su gaisa, sannan kowa ya ciro wayarsa. Ƙanenta da aka aiko ya kawo ruwa ya rantse ya ga suna tura wa juna saƙo alhali tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Idan ya koma gida sai ya kira ta su yi awa biyu. Kuma faɗansu ba ya wuce abu ɗaya: "Na gan ka a kai ƙarfe ɗayan dare, da wa kake magana?" Ba ya iya cewa ita me ta hau yi a lokacin, don ya san tambayar ba ta da riba.

Idan aka yi auren sai a koma wani babi. Maigida yana da waya mai makulli uku: zane, lamba, da zanen yatsa. Kullum a kife take. Yana iya mance hularsa, ya mance makullin mota, ya mance kuɗin cefane, amma bai taɓa shiga wanka ya bar ta a falo ba. Uwargida kuma tana zaure bakwai: na 'yan ajinsu, na masu adashi, na kayan mata, na girke-girke, da uku na littattafan da marubuta suke saki shafi-shafi a waya. An tsaya a daidai inda kishiya ta shigo da kwanon abinci, marubuciya ta ce sai gobe. A wannan hali ake so ta tuna da albasa a kan wuta? Zauren girke-girken nan ya ƙona tukwane da yawa. Da daddare su kwanta kowa ya juya baya, haske biyu a ɗaki ɗaya, sai can maigida ya ce, "Ke dai wayar nan ta yi miki yawa," bai ɗauke ido daga tasa ba. Yaron da ke tsakaninsu, mai shekara uku, bai iya ɗaure wando ba amma ya iya tsallake talla a YouTube.

Shekarar 2024 ta haifar da wani sabon iri, 'yan mainin. Da wata manhaja mai suna Notcoin ta fashe a watan Mayu wasu suka samu 'yan kuɗi, sai gari ya ruɗe. Malamin makaranta, tela, ɗalibi, mai jego, kowa ya duƙufa dannan fuskar waya, wai ana tara arziki a Hamster Kombat. Ana dannawa a wurin ɗaurin aure, ana dannawa a layin asibiti. Gaisuwarsu ita ce, "Ka yi na yau?" Duk wata magana tasu tana farawa da "idan ta fashe". Idan ta fashe zai biya bashin mai shago, idan ta fashe zai kai Inna Makka, har an fara taya gidaje a Nassarawa da baki. A ƙarshen Satumba ta fashe ɗin, da yawa abin da suka samu bai mayar da kuɗin datar da suka ƙona ba. Aka yi zaman makoki na yini biyu. Rana ta uku wani ya turo sabuwa, ya ce wannan kam ta gaske ce.

Tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, maroƙin data ma ya ƙara ƙaimi. Shi jikan mai filashin ne, wanda a da yake kira sau ɗaya ya katse don kai ka kira shi ka ji buƙatarsa da kuɗinka. Na yanzu cewa yake, "Ɗan kunna min, saƙo ɗaya zan duba." Saƙon nan ɗaya shiri ne mai dogon zango, kashi na arba'in da biyu.

Na ƙarshe shi ne Baba Ni-Ba-Ruwana, wanda duk abin da aka faɗa a sama shi ya fi kowa faɗarsa. Wayarsa 'yar rakani-kashi ce, an ɗaure bayanta da kyauro, lambobin sun goge, caji ɗaya yana kai ta mako. Yana ɗaga ta sama yana alfahari: "Wannan ta ishe ni. Ku kuwa an gama da ku. Ba gaisuwa, ba kunya, ba karatu." Yana da gaskiya a mafi yawan abin da yake faɗa, shi ya sa ake sunkuyar da kai, wannan karon don ladabi. Idan ya gama huɗuba sai ya gyara zama ya ce, "Kai, Ɗan'auta, zo nan. Wai me aka ce gwamna ya faɗa jiya? Nuna min." A nuna masa. "To, wancan malamin da ya yi masa raddi fa?" A nemo. Daga raddi a shiga damben gargajiya, daga dambe a shiga wani Bature da yake kokawa da kada. Baba ya karɓe wayar ya riƙe da hannu biyu, ya miƙar da ita nesa da fuska, ya koyi turawa sama da yatsa. Aka kira la'asar, aka dawo, yana nan. Tuwon da aka kawo masa ya huce. Sai da fuskar wayar ta yi duhu ya miƙo ta, data ta ƙare, caji saura kashi biyu.

"Ka gani ko?" in ji shi. "Abin nan ba abin da yake yi sai cinye wa mutum lokaci. Allah ya shirye ku. Gobe ka zo da ita a cike, ban ga ƙarshen mai kadan nan ba."